Shekarar da Yaya Garba Ya Tuɓe Kaki

Ranar sunan 'yar da jikata Nafisa ta haifa ina zaune a tsakar gida ina jiran a kawo mini ruwan alwala, sai na ji ɗaya daga cikin jikokin Yaya Garba, ƙato da gemunsa, yana gaya wa abokinsa wai kakansa soja ne amma korarsa aka yi. Ya faɗa ne a sake, kamar abin da kowa ya sani. Na kira shi na ce wa ya gaya maka, ya ce haka ya taso ya ji. To ku ji daga bakina, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya da duk wanda kuka haifa: ba a kori Kyaftin Garba ba. Da hannunsa ya ajiye aiki, kuma ina wurin ranar da aka yanke maganar. Ni ban yi karatu da wuri ba, sai da na aurar da 'yata ta biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Birnin Kudu, don haka wanda ya ga layina ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ke cikin layin dai na gan shi da idona.

Sai na fara da Inna, don in ba ku san ta ba ba za ku gane komai ba. Innarmu Bafulatanar Farin Dutse ce, aka kawo ta Kiyako gidan Baba. Yaya Garba ne ɗanta na fari, kuma a wurinsu ɗan fari ba a haɗa ido da shi, ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana baki da baki. Ku na yanzu da kuke rungumar ɗan fari kuna ɗaukar hoto kuna nuna wa duniya, za ku ce ƙiyayya ce. Kunya ce, kuma macen da ta karya ta, zunɗenta za a yi ta yi daga bakin rijiya har gidan biki. Ana yaye shi aka kai shi Gwaram wurin Goggo Dije, ƙanwar Baba. Can ya girma, can aka sa shi makaranta. Shi ya sa Inna ba ta da wani suna da take kiransa da shi sai "na Gwaram".

Tun ina 'yar ƙarama ni ce bakinta. In ya zo hutu ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, sai ta juya ta dubi bango ta ce da ni:

"Kulu, ki gaya wa na Gwaram furarsa tana cikin ƙwarya, kada ƙuda ya riga shi."

Yana nan durƙushe kusa da ita, ya ji komai da kunnensa. Amma sai na juya na maimaita masa, shi kuma ya ce in ce mata ya gode. Shi abin da ya sani ke nan. Ni kuwa na san wace fura ce. Na san nonon da ta hana mu taɓawa tun jiya, na san ta tashi ta dama da kanta bayan ta ce wa kowa hannunta yana ciwo.

Yana gama makaranta ya shiga soja ba da shawarar kowa ba. Kurtu ya fara. Shekarun yaƙi suka same shi a ciki, aka harbe shi a cinya wajen tsallake wani kogi a kudu, ya warke ya koma. Ya yi kofur, ya yi saje, manyansa suka ga yana da karatu yana kuma da kai, suka tura shi horon hafsoshi, ya fito da tauraro a kafaɗa. Daga baya aka kai shi wata ƙasa aikin raba faɗa, ya dawo ya zama kyaftin. A duk shekarun nan Inna ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi wani labarinsa ba. Sai dai in lokacin labarai ya yi Baba ya kunna rediyo a zaure, nan da nan za ta ga shinkafarta tana bukatar tsinta, kuma ba ta tsintuwa sai a gindin katangar zauren. Ranar da aka ce an kashe sojoji, miyar gidanmu ba gishiri za a sha ta, ba kuma wanda zai ce uffan.

Shi kuma soja ya mayar da shi wani irin mutum. Ba shi da zafi, amma komai nasa sai an faɗa a fili. Ya taɓa ce mini:

"Kulu, a aikinmu ba a motsi da zato. In babba bai buɗe baki ya ce tafi ba, to ba a ce ka tafi ba. Na ga wanda ya yi zato, ya kai yaransa inda ba su dawo ba."

Baba ya rasu da damina, gero ya kai gwiwa. Ya bar gandu, wato gonakin gida da ake nomawa tare a zuba a rumbu ɗaya a ci daga tukunya ɗaya, da shanun huɗa, da ƙannenmu biyu, Haruna da Sabo, kowanne da iyalinsa. Tun Baba yana da rai ba sa jituwa. A kan wanda za a fara kai wa shanu gayaunarsa, wato gonar kansa, sai su kwana ba sa gaisawa. Baba ne yake danne su, da ya kau kowa ya san abin da zai biyo baya. Ni a lokacin ina gidan mijina a Birnin Kudu. Yaya ya sami izini ya taho sadakar arba'in, ya biyo ta wurina don mu ƙarasa Kiyako tare. A mota ya sunkuyo ya ce mini sunansa ya fito a cikin waɗanda za a tura kwas na manyan hafsoshi, in ya gama manjo ne. Yana faɗa yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, don makoki za mu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ban kuma sake gani ba.

Washegarin sadaka da hantsi, Baffa Idi, ƙanin Baba, ya tara su a ƙofar ɗakin Inna, don tana takaba ba ta fitowa. Ni ina ciki kusa da ita a kan tabarma, labule ne kawai tsakaninmu da su. Ba zan zalunci Baffa ba ko da ya mutu. Ba don kansa ya yi ba. Baba ya riƙe hannunsa a kan gadon ciwo ya ce kada ya bari gandu ya rabu, shi kuma ya ɗauka. Ya yi gyaran murya ya ce:

"Garba, ka ji wasiyyar ubanku. Waɗannan biyun kuwa ga su nan ka gan su, ko akuya ɗaya aka ba su kiwo sai sun raba ta biyu. Kai ne babba. Ka yi wa gwamnati aiki har da jininka, ya isa. Ka zo ka riƙe gidan ubanka."

"Na ji, Baffa," in ji Yaya. "Amma akwai wadda ta fi ku iko da ni, kai da gwamnatin duka."

Na hango shi ta gefen labule. Ya cire hularsa ta soja ya ajiye a kan gwiwa, ya fuskanci ƙofar, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya yi mata magana kai tsaye.

"Inna, yau ba ta bakin Kulu nake so ba. In kin ce in zauna, na zauna. In kin ce in koma, gobe na kama hanya. Ki faɗa mini da kanki."

Na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma har kabar ta karye. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wajen bango. Na matsa na raɗa mata cewa in ba za ta iya ba ta gaya mini in faɗa. Ko motsi ba ta yi ba. Aka yi ta jira, kaji suna ta tono a tsakar gida, Sabo yana ta kaɗa ƙafa. Can Baffa ya ce:

"To ka ji. Uwa in ba ta son abu ai magana take yi. Shirun nan amsa ce."

Ban san lokacin da na ɗaga labule na fito ba.

"Baffa, amsar wa? Matar da ba ta taɓa ce masa sannu ba tun yana tsumma, yau kuma shirunta ne ya zama hukunci? Ai kullum shirun take yi."

"Ke dai Kulu da bakin nan naki," in ji Baffa. "Mijinki yana ƙoƙari."

"Yana ƙoƙari, Baffa. Amma bai taɓa sa mini magana a baki ba."

Haruna ya ce, "Yaya Kulu, ke tuwonki yana Birnin Kudu. Ki bar masu cin na nan su yi magana."

Yaya ya ɗaga mini hannu na yi shiru. Ya ƙara jira kaɗan yana kallon labulen. Sannan ya mayar da hularsa, ya ce wa Baffa ya ji ya kuma karɓa, aka shafa fatiha aka watse.

Na koma ciki raina a ɓace. Na ce Inna, me ya hana ki magana. Sai da ta tabbata ba kowa a ƙofa sannan ta sauke mayafin. Idonta jawur.

"In ce ya koma, a gaban ƙanin ubansa, ƙasar kabarin uban ko kwanciya ba ta yi ba? A ce na zaɓi girman ɗana na bar gidan mijina ya watse? In takaba ta ƙare da wane ido zan fita?"

"To so kike ya zauna?"

"Ni na ce miki haka?"

"To in je in ce masa kin ce ya koma."

"Ban aike ki ba."

Na same shi a bakin gona, gindin ɗorawa, yana tsaye hannuwa a baya yana kallon geron kamar masu fareti ne a gabansa. Na ce Yaya, Inna ba ta son ka bar aiki.

"Ta faɗa?"

"Ba ta faɗa ba, amma na san ta."

"Ta aiko ki?"

Ni ban iya ƙarya ba, shi ma ya san haka. Na ce ta ce ba ta aike ni ba.

"To kin gani. Na tambayi babba a gaban jama'a, na kusa da shi ya ba da amsa, babba bai musa ba. A wurinmu umarni ya fita ke nan."

"Nan ba bariki ba ne, Yaya. Ɗakin uwarka ne."

Da ya yi magana ba da muryar soja ya yi ba.

"Ke kin san ta, Kulu. Ni bayanta kawai na sani. Tun da nake a duniya ba ta taɓa neman komai a wurina ba. In yau tana son ta riƙa jin motsina a cikin gida, ki bar ni in ba ta."

Mutumin da ya ce ba a motsi da zato, ranar nan sai ya yi aiki da zato, don zaton ya yi masa daɗi. Na ga haka ƙarara, na kuma rasa yadda zan ƙwace masa shi.

Ya koma ya nemi a sallame shi. Matarsa Hajara ta gaya mini shugabansa ya yi ta jan maganar, yana ce masa ya je ya sake tunani, wurinsa a kwas yana nan. Ya ƙi. Da kaka suka sauka a Kiyako da akwatunan ƙarfe da yara, ya ninke kakinsa ya sa a ƙasan akwati, ya sa 'yar shara ya ɗauki fartanya.

Abin da Baffa bai lissafa ba shi ne Yaya ba manomi ba ne. A Gwaram aji ya sani, daga aji sai bariki. Bai san wace kusurwar fadama ce take riƙe ruwa ba, bai san wane hadari ne na gaske wane ne na yaudara ba. Abin da ya sani shi ne tsara mutane. Da asuba sai ya tsaya a ƙofar gida, Haruna da Sabo da 'ya'yansu su jeru, ya raba wa kowa kunyoyinsa, ya ce kafin azahar a gama. Magidanta masu gemu ana duba musu aiki kamar kurata. Wanda ya makara a tambaye shi dalili a gaban matarsa. Da ruwan farko ya sauka ya ce a yi shuka, Haruna ya ce a dakata wannan ruwan ba mai zama ba ne, Yaya ya ce an riga an tsara. Aka shuka, sama ta ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Ina gidan ranar da Sabo ya ƙame a gabansa ya sara masa ya ce:

"Ranka ya daɗe, a aika wa hadari ya fito fareti, ya makara."

Yara suka yi dariya. Yaya bai yi ba, bai kuma yi faɗa ba, ya shige ɗaki. Haruna da Sabo da ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, sai ga shi sun haɗa a kan abu ɗaya, a raba. Kafin kaka ta biyu aka kira dattawa aka auna gonaki, aka raba shanu, kowa ya gina rumbunsa. Baffan da ya ce shiru amsa ce shi ya zauna a tsakiya ana rabon. Da aka gama ya shafa gemu ya ce Allah bai nufa ba. Na ce masa Baffa, Allah bai nufa ba, amma kakin wani ya tafi a ciki. Daga ranar mun daɗe ba ma doguwar gaisuwa.

Soja ba gidan da ake fita a dawo ba ne. Yaya ya zauna da 'yar gonar da ta faɗo masa, ya koyi noman a hankali wurin maƙwabta, ya riƙa rubuta wa ƙungiyar manoma abin da suke bukata. Abokan horonsa suka yi ta hawa, muna jin sunayensu a rediyo. Wani daga cikinsu ya taɓa biyowa da motoci zai wuce Bauchi, ya tsaya gaishe shi. Yaya ya sa farar rigarsa ya tarbe shi a miƙe kamar sanda, suka yi ta dariya suna tuna kogin nan na kudu. Bayan sun tafi Hajara ta ce tuwonsa a rufe ya kwana. Daga nan ne maganar kora ta samo asali. Mutanen gari suka ga motocin, suka ce ba mai hankalin da zai bar wannan da kansa ya dawo yana rigima da gauta. Na ce masa ya fito ya ƙaryata. Ya ce:

"In na ce ba korata aka yi ba, za a ce to me ya dawo da kai. In ce wa? In sa sunan Inna a bakin 'yan kasuwa?"

Haka ya ɗauki ƙaryar ya yafa har ta zama kamar gaskiya a cikin gidansa.

Kusancin da ya saya da aikinsa kuwa, ga yadda ya kasance. Da yana zuwa hutu kunyar ta 'yan kwanaki ce. Da ya tare sai ta zama ta kullum. In Inna ta ji takunsa, don yana ɗan jan ƙafar da aka harba, sai ta zaga ta bayan rumbu. Gida ɗaya, shekara da shekaru, yana gaishe ta safe da yamma, tana amsawa ta bakin duk wanda yake kusa.

Ciwon sukari ne ya kwantar da shi, ya haɗu da tsohon raunin, ƙafar ta ƙi warkewa. Lokacin furfura ta cinye kansa, ni ma na fara jika, Inna kuwa ta tsufa tukuf sai da sanda. Na zo dubiya na ga yadda ya zube, na san ba tashi zai yi ba. Bayan azahar na shiga ɗakin Inna na kama hannunta na ce ta taso. Ta ce ina za mu. Na ce inda ya kamata mu je tun tuni. Ta yi ta turjewa tana cewa ba ni da kunya, na ce na ji, ba yau aka fara faɗa mini ba. Na kai ta ɗakinsa na zaunar da ita a kan kujera, na sallami Hajara da yara. Ta juya ta fuskanci ƙofa. Shi kuma ya yi ta ƙoƙarin tashi zaune don kada ta same shi a kwance.

Na ce, "Yaya, zan faɗi magana a gabanta. Ranar da Baffa ya tara ku, Inna ba ta so ka bar aiki ba. So take ka koma ka yi kwas ɗinka. Kunyar Baffa da bakin mutane ne suka hana ta. Inna, in ƙarya nake yi ki ce ƙarya ce."

Ba ta ce komai ba. Yaya ya yi 'yar dariya mai ciwo.

"Wannan shirun kuma wa zai fassara mana? Baffa ya mutu."

Sai Inna ta yi magana, fuskarta na wajen ƙofa.

"Ki gaya masa gaskiya kika faɗa."

Na zaci zai ji sanyi. Na yi shekaru ina zaton in ya ji wannan zai huta. Sai na ga fuskarsa ta faɗa. Ya koma ya kwanta yana kallon rufin ɗaki, ya ce a hankali:

"Ashe ba ta ma nemi in zauna ba."

Gandu ya tafi, manjo ya tafi, abu ɗaya ya rage masa yana riƙe da shi duk shekarun nan, cewa uwarsa ce ta so shi kusa, ga shi gaskiya ta zo ta karɓe. Na tsaya a tsakaninsu ban san wanda zan kalla ba. Inna ta daɗe tana murza kan sandarta. Sannan ta ce:

"Ki gaya masa don shi na so ya tafi. Amma tun ranar da ya sauke akwatinsa a gidan nan nake barci."

Na buɗe baki zan maimaita, ya girgiza mini kai. Ya ja zane ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna motsi. Inna ba ta nemi in tashe ta ba, ba ta kuma juyo ba. Na dube su, tsohuwa tana kallon ƙofa, tsoho yana kuka a ƙarƙashin zane, na ga ba sauran abin da zan kai wa wani daga wani. Na fita na ja musu ƙofa, na zauna a bakin rijiya har aka kira la'asar.

Bai ga daminar shekarar ba. Ko sun yi magana bayan na fita, ban sani ba. Ban tambaya ba, a cikinsu kuma ba wanda ya gaya mini.